Furen Nuriye da Fartanyar Rifat

Duk ƙauyen nan na duwatsun Kastamonu an san Nuriye da hannun shuka. Tafarnuwarta ba a magana, kabejinta kuwa sai an ɗauka da hannu biyu. Amma wani ɗan fure ruwan ƙwai mai suna kaplanotu ya nemi ya zubar mata da mutunci.

A ƙofar gidan mahaifiyarta ta san shi, shi ke fara buɗewa da zarar ƙanƙara ta narke. Da 'yan'uwanta suka sayar da gidan, abin da ta tsira da shi ɗan ƙullin irinsa ne kawai, ta kuma ci alwashin sai ya yi fure a tata ƙofar.

Shekarar farko ta binne irin kamar wake, ko tsinke bai fito ba. Ashe shi barbaɗa shi ake yi a bisa ƙasa, sai ya ga haske yake tsirowa. Da ta gane haka ta barbaɗa, ya tsiro, dodon koɗi ya bi ya lashe shi tas. Ta zazzage sauran irin, ta kewaye wurin da toka, kullum tana tsugune a kai.

"Da ni kike yi wa wannan hidima da na yi ƙiba," in ji mijinta Rifat.

"Kai ai ka tsiro tuntuni, tsoho. Sha shayinka."

Wannan karon ya yi ganye shar, saura fure, wanda sai shekara ta zagayo. Da zafi ya shigo ganyen ya bushe ya kwanta. Nuriye ba ta damu ba, ta san halinsa ne: sama ta mutu, saiwa na barci a ƙasa. Abin da ba ta yi ba shi ne gaya wa Rifat, mutumin da ba ya iya ganin fili a banza hannunsa bai yi ƙaiƙayi ba.

Ta tafi birni jinyar 'yarsu da ta haihu. Ranar da ta dawo ya tare ta a ƙofa yana washe baki.

"Rufe ido, uwargida, na yi miki abin arziki."

Ya kafce wurin tsaf, ya jera mata wardi na kasuwa.

"Maigida, ina abin da ke nan?"

"Mataccen nan? Na ga zai ɓata miki rai, na haɗa da ciyawa na ƙone. Abin mamaki kuwa, saiwar ɗanya ce shar, da ƙyar ta ci wuta."

Ta dube shi, tsohon da hannunsa ya yi kanta saboda ita, yana jiran yabo. Ko jakarta ba ta kai ɗaki ba, ta durƙusa ta fara tona ƙasa da yatsu, ko fartanyar ta yi kuskuren barin guntu.