Gaisuwar da Ba Ta Buɗu Ba

A duk garin Sabha inda muke zaman ci-rani, daga unguwar Jadid har Manshiya, babu kwamfutar da ta kai tawa hankali. Na faɗa a wajen mai shayi, na faɗa a ƙofar masallaci. Tsarin da ke tafiyar da ita ba irin na kowa ba ne. Wasu masana ne suka ƙera shi kyauta, suka bar cikinsa a buɗe, mai so ya leƙa. Mu masu aiki da shi a duniya, in aka tara mu, mota guda za ta kwashe mu har da jarkokin ruwa. Da shi nake buga wa mutane takardu a ɗan shagona, bai taɓa ko tari ba.

Sai wani magini ɗan ƙasarmu ya shigo, fuska a yamutse. Innarsa tana wani ƙauye bayan Tanout inda waya ba ta kamawa, kuma wani ɗan baƙin ciki ya kai mata labarin wai an kama ɗanta. Ta ce ba ta yarda da saƙon bakin kowa ba sai ta ga fuskarsa. Mutanen irin waɗannan ƙauyuka, bidiyo suke ɗauka a zuba a katin waya, a ba direba ya kai.

Ya ari jallabiya fara, muka je gonar da yake gina tankin ruwa a Wadi Bawanis. Ya tsaya gindin dabino yana juyi, yana cewa, "Inna, dube ni, har ƙiba na yi." Na dawo shago na wanke sabon kati tas, na shirya shi yadda kwamfutata take shirya nata ma'aji, na zuba bidiyon. A wurina ya buɗe kamar madubi.

Direba ya tafi. Da ya dawo, ƙurar hanya ko wankewa bai yi ba ya tsaya mini a ƙofa, maginin na bayansa.

"Malam, me ka zuba a katin nan? Aljanu?"

Wai an tara rabin ƙauye wajen mai cajin waya, tsohuwa a gaba bisa tabarma. Duk wayar da aka sa wa katin sai ta ce ya lalace, a goge? Mai caji ya gaji ya danna e, bidiyon ya goge. Tsohuwa ta tashi ta shige ɗaki.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Masu ƙera waya, da duk dukiyarsu, ba za su iya koya wa wayoyinsu karanta abin da aka bari a buɗe kyauta ba? Na kai ƙara dandalinmu na intanet, wani da bai taɓa jin sunan Tanout ba ya amsa mini da layi ɗaya: in karanta littafin bayani. Littafin bayani! Tsohuwa na kuka a ɗaki!

Amma ran nan a shago sai na juya kan maginin, ina buga tebur.

"Ƙanena, laifin wayoyinsu ne! Yadda na shirya katin nan, sai ya shekara ɗari ko ɗigo bai ɓata ba!"

Ya dube ni, ya ce, "Yaya, Inna ba ta da shekara ɗari. Ba ni bidiyona in kai wa masu zuba kati a bakin kasuwa."