Daga Biu zuwa Gombe don ganin fuskar jika

Mun tashi da asuba daga Biu, ni da maiɗakina, ana ɗage dokar hana fita. A lokacin an yi watanni da rufe layukan waya a yankinmu saboda rikici, duk mai son kiran wani sai ya tsallaka zuwa jihar Gombe. 'Yarmu na Malesiya inda mijinta ke karatu, kuma rabonmu da jin muryarta tun tana da tsohon ciki.

Kuɗin mota ya kusa ninkawa, direba ya ce shingaye ne suka ja. Bai yi ƙarya ba. A kowane shinge sai mun sauka mu taka da ƙafa, hannuwa a sama, mota ta biyo mu a baya kamar akuyar da ta saba da mai ita. Damina ta zauna sosai, duwatsun hanya sun yi kore shar, amma ba mai sukunin kallo.

Mun kusa Dadin Kowa sai wayoyin motar suka farka gaba ɗaya. Wannan na ƙara, wancan na ƙara, wata tsohuwa a baya ta fashe da kuka tun ba ta duba tata ba. A tawa na tarar da saƙon surukina: ta sauka lafiya, namiji, har an yi suna. Maiɗakina ta karɓi wayar ta juya ta, ta ce, "Malam, murya ba za ta ishe ni ba. Ba zan koma ba sai na ga fuskarsa."

A Tudun Wadar Gombe muka karya da masa da miyar taushe. Mai masar ta gaishe mu da Fulatanci, da ta ji daga inda muka fito ta ƙara mana kindirmo kyauta. Ita ce ta kwatanta mana wani shago a Herwagana da ake ganin mutum a kwamfuta.

Mai shagon Ibo ne haifaffen unguwar, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yana. Baya ga shagon, shi ke raba wa ofisoshi da makarantu intanet daga wani dogon ƙarfe da ya kafa a kan rufi. Muka same shi tsugune cikin wayoyi, ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, yau na kashe komai. Adireshi nake canzawa."

Na ɗauka tashi zai yi daga unguwar. Ya yi dariya, ya jawo mana kujeru. Ya ce duk na'urar da ta hau intanet sai an ba ta lamba kamar lambar gida, in ba haka ba saƙo ba zai san ƙofar da zai tsaya ba. Waɗanda suka tsara abin tun farko sun tanadi lamba biliyan huɗu da 'yan kai, suna ganin har abada ta isa. Ga shi ta kusa ƙarewa, a yankin da 'yata take ma tuni aka fara rabo da cokali. Shi ya sa kamfanoni ke komawa sabon tsari, daga na huɗu zuwa na shida.

Na ce, "Na biyar fa?"

Ya ce, "Wallahi Baba ni ma ban taɓa haɗuwa da shi ba."

Sai ya nuno mini yawan sababbin lambobin a allon kwamfuta. Na koyar da lissafi a firamare har na yi ritaya, amma na bi lambar nan da yatsa na rasa sunan da zan kira ta. Na ce Allah mai iko, ashe har lamba tana ƙarewa, kuma ɗan Adam ya sake ƙago wadda ta fi ƙarfin bakinsa.

Maiɗakina ba ta lamba take ba. Rana na yin sama, a can Malesiya kuma dare ke gabatowa, ga dokar hana fita na jiranmu a gida. Aka kira azahar, na je na dawo, fitilun akwatin intanet ɗinsa har yanzu ja. Ta ce, "Ɗana, a taimaka." Ya share gumi, ya ce, "Mama, saura ƙiris." Can sai fitilun suka koma kore ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mu ne farkon waɗanda za su bi sabuwar hanyar.

Da ya kira mana ita a kwamfuta, hoton ya ɗan kakkarye, sannan ya tsaya. Ga 'yarmu, ta rame, tana dariya tana hawaye, ta ɗago yaron. Ya yi hamma. Maiɗakina ta kai hannu tana shafa gilashin, ni kuwa duk addu'ar da na shirya ta ɓace, "Masha Allah" kawai nake maimaitawa. Mai shagon ya fita ya ja mana ƙofa, da ya dawo ya buga mana hoton yaron a takarda.

Mun shiga Biu ana gab da rufe hanya. Tafiyar nan ta koya mini cewa a daidai lokacin da wasu ke ƙona turakun waya a garuruwanmu, wasu na can suna tanadar wa waɗanda ba a haifa ba wurin zama, kuma ɗaya daga cikinsu yana Herwagana. Washegari kafin magariba hoton ya zaga gidajen layinmu, ya dawo da tabon manja a gefe. Maƙwabta sun yanke hukunci: kunnuwana ya ɗauko.