Ranar da Na Juya wa Surukina Baya

Ina zaune a zauren kotun alƙali a Tudun Wada, an idar da azahar, sai ga ƙanen surukina a kan keke, ƙafafunsa duk taɓo. Ya jingine keken, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna. Ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa, ya sake tambayar aiki. Da gaisuwar ta yi tsawo haka, na san abin da ya kawo shi.

"Malam, sai haƙuri. Yaya ya cika jiya da la'asar. An kai shi."

Na yi salati.

A lokacin ni malamin kotu ne. Karatuna bai wuce elementare ba, sai ɗan Turancin da na tsinta a bakin aiki. Saboda wannan Turancin alƙali ya ɗora mini sha'anin tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama. Da rani wani likita Bature yakan zagayo ya duba su. Wanda aka tabbatar ciwonsa na yaƙi ne, sai a tura shi asibiti Kano a yi masa magani kyauta. Ni nake bin ƙauyuka ina nemo su, in ji labarin kowa, ranar duba kuma in tsaya tsakaninsu da likita ina tafinta, in zama shaidar kotu. Na kai mutane da yawa, har da waɗanda ban taɓa gani ba.

Surukina, mahaifin matata, yana cikin masu ciwon yaƙi, amma bai taɓa faɗa ba. Yana ɗingishi, kowa ya ɗauka tsufa ne. Matata ce ta ji a bakin mahaifiyarta cewa akwai ɓarɓashin ƙarfe can saman cinyarsa, kusa da mara, kuma wurin ya fara ruwa. Kullum tsohuwar tana wanke tsumma a ɓoye.

Ni da shi ba ma cin abinci kwano ɗaya. Ban taɓa kiran sunansa ba. In na je gaishe shi daga nesa nake tsugunawa, kaina a ƙasa. Ta ina zan fara yi masa maganar cinya? Sai na bi ta wurin amininsa, wani tsohon saje da suka yi yaƙi tare, mutum mai barkwanci. A gabana ya tare shi a ƙofar gida.

"Kofur, ka tsaya gaban bindiga ba ka gudu ba, yanzu allura za ta kore ka?"

"Kai da ka ɓuya bayan alfadari ka zo kana mini maganar gudu?"

"Alfadarin ya fi ka hankali, shi in ya ji ciwo yana kuka. Tashi mu je ranar Laraba."

Ranar Laraba surukina ya zo a kan jaki. Ya zauna a layi a gindin bangon ɗakin shan magani, ya sa tsohuwar rigarsa ta kaki a ƙarƙashin babbar riga. Da aka kira shi ya shigo ya ƙame a gaban likita. Sai ya waiwaya ya gan ni a tsaye. Ashe saje bai gaya masa ni ne tafinta ba.

Likita ya ce ya kwance wando. Na rasa bakin da zan maida wannan magana da shi. Na roƙi likita in fita, ya ce to wa zai yi masa tafinta, wa zai zama shaida? Sai na juya na fuskanci bango, na ce, "Baba, ba na gani. Likita ne yake so ya duba wurin."

Na jira in ji motsin tufa. Ban ji ba.

Likita ya ce in tambaye shi ko yana ganin jini a fitsarinsa. Na tambaya, fuskata a bango, muryata ƙasa ƙasa.

"Lafiya lau nake, Malam."

Na gaya wa likita mutumin nan ba shi da lafiya, na sani, surukina ne, kunya ce ta hana shi. Likita ya ce ya fahimta, amma ba zai tura mutum asibiti kan abin da bai gani ba. Ga mutane a waje suna jira cikin rana.

"Malam," in ji surukina, "gaya masa na gode. Allah ya yi maka albarka."

Na ji fitarsa, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa.

Daga baya na hau keke na je Kiru wurin malamin kotunsu, na yi masa bayani. Ya yarda in likita ya zo wajensu bayan damina shi zai shiga da tsohon, ni ko garin ba zan taka ba. Saje ya kai wa surukina saƙo, ya amsa ya ce zai je. Ana tsakiyar damina ƙanensa ya zo mini a kan keke.

Muka tafi zaman makoki ni da matata. Saje ne ya yi masa wanka. Bayan mutane sun ragu ya ja ni gefen rumbu. Ban taɓa ganinsa ba ya wasa ba sai ran nan.

"Ɗana, da ka ga abin da na gani a jikin mutumin nan, da yadda ya yi ta noma da shi..."

Na sunkuyar da kai kamar yadda nakan yi a gaban marigayin. Saje ya dube ni ya daina magana. Ya ce to, wata rana zai gaya mini. Ya yi shekaru a raye bayan nan, muna haɗuwa a kasuwa muna gaisawa. Bai gaya mini ba, ni ma ban tambaye shi ba.