Fuskar da ke bangon Mai Fenti

Duk layin babu wanda ya san shi da wani suna sai Mai Fenti. Ko ka manta, farcensa zai tuna maka, don ba a taɓa ganin farcen nan fes ba. Aikinsa shafe bangon mutane. Ɗan kwangila ya kwashe su a bayan mota da sassafe, ya sauke su a gidan da ba su san mai shi ba, su kankare, su cike tsaga, su yi shafar fari, ta bushe, su yi ta biyu. Hannunsa na da kyau, ba ya barin ɗigo a ƙasa. Yana kuma da ƙa'ida guda da ba ya karyawa: wuri mai wuya shi ne na ƙarshe. Sai ya gama fili tas sannan ya dawo kan kusurwa da bakin taga da ƙaramin burushi.

Matarsa ta rasu 'yarsu tana koyon tafiya. Hotunanta duka suna cikin wayarsa, wayar kuma wata rana ta zame daga aljihun rigarsa ta faɗa bokitin fenti, tsulum. Mai gyara ya buɗe, ya duba, ya miƙo masa ita a leda. A wajen dangin matar ma hoto ɗaya aka samu, na taro, shi ma ta juyar da kai.

Haka yarinyar, wadda yake kira Mamana, ta girma har ta shiga sakandare ba ta san fuskar uwarta ba. Wata safiya tana taje kai gaban madubi ta ce, "Baba, wai da gaske ina kama da ita?"

Ya ce, "Ƙwarai kuwa."

Ta ce, "Ta ina?"

Ya ɗauki kayan aikinsa ya fita. Abin ya tsaya masa a rai har wajen aiki. Yana yaro ya iya zane, shi malamai ke sawa ya zana taswira a allo, kafin neman abinci ya mayar da shi kan tsani. Da ya dawo ya ce mata zai zana mata uwarta, ta gan ta da idonta.

Mamana ta ce to ya samo katako. Ya yi dariya ya ce, "Katako na kafinta ne. Ni da bango muka saba." Ya zaɓi bangon da ke kallon taga. Ɗakin haya fa. Amma ina, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa hancinsa a jikin bango, ko a mafarki bango yake gani.

Fenti bai zama matsala ba, ragowar gindin gwangwani yake tarowa, ruwan madara da ruwan toka da ruwan ƙasa, yana haɗawa a murfi. Lokaci ne ya gagara. Ya ce ranar hutu, sai ga maƙwabta, wannan da ƙofa, wancan da benci, "Ɗan shafa mini, ai ba wani aiki ba ne," shi kuma bakinsa bai iya a'a ba. Ya ce da yamma, sai ya tarar hannun da ya wuni yana tura rola rawa yake yi, ga hasken ya tafi, ƙwan lantarki kuwa maƙaryaci ne a sha'anin launi. Ya ce da safe, kafin ya buɗe murfi ɗan kwangila ya danna hon. Shekara ta zagayo babu komai a bangon sai da'irar fensir. Mamana takan kalle ta ta ce, "Baba, ƙwan nan naka yaushe zai ƙyanƙyashe?" Ya yi dariya, amma dariyar ciwo take masa.

Ita ce ta samo dabarar. Ta ce daga lokacin da ta ɗora butar shayi a kan risho har ruwa ya tafasa, wannan nasa ne. Ba waya, ba amsa sallama, ko wa ya zo ta ce yana uzuri. Shi kuma tun da yamma zai wanke burushi ya jera murafu, don kada a ɓata lokacin wajen neman kaya. Ɗan lokaci ne da bai kai ya kawo ba, sai dai kullum ne. 'Yar banzar kuma sai ta cika butar har baki ta rage lagwani. Ya sani, bai taɓa cewa komai ba.

A hankali ƙwai ya zama mutum. Goshi ya fito, kumatu suka fito, ga ɗan tabon nan na haɓa da murfin tukunya ya yi mata tana yarinya. Mamana takan tsaya da kofi a hannu har shayin ya huce. Idanu ne kawai babu, gurbi biyu ruwan madara.

"Baba, idon fa?"

"Wuri mai wuya na ƙarshe ne, Mamana."

Ana haka mai gida ya yi sallama. Ya ce ya sayar da gidan, wanda ya saya yana son kowa ya tashi ƙarshen wata, kuma a shafe ɗakunan kafin a miƙa makulli. "Ga ka a gida, ba sai na nemo bare ba." Ya leƙa ya ga bangon, sannan ya ce, "Wannan ka danne shi sosai, kada ya fito."

Mai Fenti ya yi iya yinsa. Ya kira abokinsa magini ko za a iya ɓamɓare filastar wajen a ɗauke ta ɗungurungum. Magini ya ƙwanƙwasa, ya girgiza kai, ya ce tana motsawa za ta zama gari. Ya nemi ganin sabon mai gidan, aka ce ba ya gari, wakilinsa kuma ko sauraro bai gama ba ya ce shi umarni aka ba shi. Babu inda ya rage a je. Sauran safiyoyin ya yi su tsaye gaban bango da ƙaramin burushi a hannu, ruwa ya tafasa, Mamana ta ƙara wani, ya sake tafasa, gurbin nan biyu suna nan yadda suke.

Ranar tashi kaya suna ɗaure a waje, ɗakin ba komai sai bokiti da rola. Mamana ta aro wayar maƙwabciya. Ta ce, "Baba, ka sa idon ko yaya ne, in ɗauka."

Ya tsoma burushi. Ya runtse ido yana kiran matar. Muryarta ta zo, tafiyarta ta zo, har yadda take dafe haɓa in ta yi fushi. Idanun suka ƙi zuwa. Ya juyo ya ƙura wa 'yarsa ido ko zai ara daga nata.

Ta gane. Ta ce a hankali, "Irin nawa ne?"

Ya so ya ce e, ya kuwa san za ta yarda. Ya ce, "Ban sani ba, Mamana. A bara na san su, yanzu sun ɓace mini."

Ta ɗaga wayar ta ɗauki fuskar yadda take, ta fita tsakar gida. Ya ɗauki rola. Da ya gama shafar fari, goshin da tabon haɓar suna nan suna leƙowa ta ƙasan farin. Ya zauna a kan bokiti yana kallonsu har bangon ya bushe, sannan ya tashi ya yi ta biyu.