Masu tura dandamali

Ranar buɗe rijiyar da muka haƙa wajen garin Poli, zamanin shugaban ƙasa na farko, sufurefe, jami'in mulkin yankin, ya jero sunayen manya, bai ambaci mahaƙa ba. Na juya zan tafi.

Injiniyanmu ɗan Japan ya tare ni. "Sale, a ƙaramin garinmu akwai wurin bauta bisa dutse, a gindinsa tsohon gidan wasan kwaikwayo mai dandamali da ke juyawa. Babana na cikin masu tura shi daga ƙarƙashi, 'yan kallo ba su taɓa ganinsa ba."

Na ce, "Injiniya, wa ya riƙe sunayensu?"



Ban yi boko ba, amma namu na riƙe: Buba, Hamadu, Yaya Gurgu, da ni.

Ku wa ya haƙa rijiyar unguwarku?