Kokon da Kawu Bai Sha Ba

Mun ɗan wuce garin Stoke a motar zuwa Birmingham na lura Kawu Istifanus ya yi shiru, nan take na juya in ga ko lafiya. Ku da kuka san shi kun san dalili. Mutumin da ko a mafarki gardama yake yi, a ce ya bar zancen Majalisar Trent a tsakiya?

Tun da na zo unguwar Hulme, nan ƙasar Turawa, in kula da shi, ban taɓa wuni ban ji labarin taron nan ba, wanda bishof-bishof suka yi fiye da shekara ɗari huɗu da suka wuce don su ba 'yan Furotesta amsa. Kawu tsohon katikis ne, mai koyar da addini a coci, daga Malumfashi, amma in yana ba da labarin sai ka rantse shi ya jera musu kujeru. Duk abin da bai yi masa ba sai ya ɗaga yatsa ya ce "Anatima," kalmar da majalisar ke tsine wa koyarwar da ta ƙi. Ya tsine wa microwave. Ya tsine wa tuwon semo. Da GP, wato likitarsa, ta ce ya rage sukari, cewa ya yi zai duba.

"Sai yaushe, Kawu?"

"Rifkatu, shekara goma sha takwas Trent ta yi kafin ta rufe baki. Ke sati biyu har kin ƙosa?"

Duk Lahadin farkon wata sai mun hau coach, babbar motar fasinja, zuwa Birmingham ya halarci Mas, wato sujadarsu, ta Latin, irin ta da, sannan mu zarce unguwar Balsall Heath gidan amininsa Fasto Danladi, ɗan Furotesta, su yi faɗa. Fasto ya ce bangaskiya kaɗai ke ceto, Kawu ya ce har da ayyuka.

"To wane aiki ka taɓa yi ban da cinye mini nama?"

"Ina raba ka da haɗama. Shi ma aiki ne."

Wata rana Fasto ya sa masa nama yanka biyu a miya, wai daidai da yawan sakramenti, wato manyan ibadu, na cocin Fasto. Kawu ya ture kwanon, ya ce a cocinsu bakwai ne, kuma zai jira.

A wannan Lahadin ba mu kai Birmingham ba. Direba ya tsaya, ambulan ta zo, kafin yamma Kawu ya cika. Washegari na shiga ɗakinsa, sai ga koko ya daskare cikin tukunyar furen da ke taga. Ashe har yanzu tsohuwar doka yake bi: daga tsakar dare ko ruwa ba ya sha sai ya karɓi Komuniyan, wato Jibin Ubangiji. Coci ta daɗe da sassauta wannan, shi dai ya ce ba a shawarce shi ba. Ni kuwa da hannuna na yi masa allurar insulin ta ciwon sukari, wadda ke da haɗari in ba a ci komai ba, da ƙarfe bakwai na safiyar Lahadin, na miƙa masa koko, na tafi wanka, na dawo na ga kofi wayam har na ce masa sannu da ƙoƙari.

Na faɗa wa ofishin coroner, masu binciken musabbabin mutuwa, gaskiya. Kwana tara ina jira. In an taɓa ƙofa sai in ce 'yan sanda ne. Na kasa ci, na kasa zama, in fita har Oxford Road in dawo ban san me na je yi ba.

Ranar Laraba Fasto ya zo, ya zauna a kujerar Kawu. Sha ɗaya da minti goma waya ta yi ƙara. Wata mata daga ofishin coroner ta ce zuciya ce, ta daɗe da lalacewa, sukarinsa kuma daidai yake sa'ad da aka auna a ambulan. Ta ce ba ni da laifi. Na sa ta maimaita sau biyu.

Fasto ya daɗe yana goge tabarau.

"'Yata, mu a cocinmu ba ma yi wa matattu addu'a. Shekara talatin muka yi muna wannan faɗan da shi." Ya durƙusa da ƙyar. "Ke yi. Ni amin kawai zan ce. Kada ki faɗa wa kowa."

Ga shi na faɗa, Baba Fasto, ka yafe mini.

Ya Ubangiji, Ka ba bawanKa Istifanus hutawa ta har abada, Ka haskaka masa. Ka yi haƙuri da shi kamar yadda muka yi. Amin.