Indararo na Takwas

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko. Tun hantsi ake sheƙa ruwa a Matamaye. Indararo bakwai na tsohon zangonmu suna ta zuba, na takwas kuwa, wanda ke kan babban soro, ko ɗigo babu. Ni kaɗai na san dalili: kwana biyu kafin nan na hau a sace, na cusa 'yar tsanata da tsummokaranta a bakinsa don kada ƙanwata Habsu ta ɗauke.

Zangon Turkawa ake kiransa. An ce fataken Turabulus suka sa aka gina shi zamanin da Turkawa ke mulkin garinsu, kakanninmu kuma suka gaji tsaronsa. Zaurensa raƙumi yana shigewa da kayansa, ɗakuna sun kewaye fili, rijiya a tsakiya. A nan muke shara, mu ɗaure awaki, mu yi wasan ɓuya. Babban soron ɗaurin guga ne, bakan gizo huɗu sun haɗu a sama suna riƙe da azara, kuma a cikinsa kakarmu Hajiya take kwance, ƙafafu sun daina ɗaukarta. Kullum Baba yana faɗa mana, "Komai rintsi, kada ruwa ya zauna a kan soro."

Kafin azahar laka ta fara faɗowa kusa da gadonta. Aka zo ɗauke ta, ta riƙe ƙarfen gadon gam. "A nan aka kawo ni amarya, ba inda za ni." Baba ya rasa ta inda ruwan ke shiga. Sai na ce, "Baba, ni ce na toshe indararo."

Kallo ɗaya ya yi mini, ya jingina tsani. Rufin ya jiƙe sharkaf, da rarrafe ya bi gefensa, ina riƙe da tsanin, ina jiran in ji ya rufta da shi. Can ya zaro 'yar tsanar, sai ruwa ya ɓalle kamar an fasa randa.

Baba ya sauko lafiya, amma bakan gizo ɗaya ya riga ya tsage. Washegari aka ɗauke Hajiya tana hawaye, da rani aka sauke rufin aka buga kwano. Bai taɓa dukana a kan wannan ba, kuma da ya doke ni da ya fi mini sauƙi.

Yau shagunan siminti ne a wurin, masu saye da sayarwa ba su ma san an yi zango ba. Ginin ya jure damina fiye da ɗari, amma bai jure hannuna ba.